Kwabon Cibiya

A gidanmu da damina ake tatsuniya. Sauran gidaje sai an gama girbi an huta, amma kakata Iya ta ce ita ba ta ga dalilin da za a bar wutar gashin masara tana ci a banza ba. Don haka da zarar masara ta nuna a gonar bayan gida, a ƙauyenmu da ke kusa da Ƙarfi, bayan sallar magariba za ka same mu cunkushe a ɗakin girki, ni da ƙannena biyu da yaran maƙwabta. Ruwa na sauka a waje, hayaƙi na cin idanunmu, kowa ya kafa wa masararsa ido kada a yi masa musaya da ƙarama. Iya ce ke juya su, da yatsunta kawai, don fatar hannunta ta daɗe da daina jin wuta.

Iya mahaifiyar Baba ce, kuma sunanta aka sa mini. Saboda haka ba mai kiran sunan nawa a gidan, Ummi ake ce mini, ita kaɗai ke ce mini takwara. Takan ce sunanta na ci amma ban ci haƙurinta ba. Gaskiyarta kuwa. Tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami, abin da ya zo shi nake faɗa, in ya so a dake ni daga baya.

Tana da wani baƙin zare da ta zura wa kwabbai huɗu masu huji, irin kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haife mu. Sun yi baƙi, gefen hujin ya yi tsanwa-tsanwa. Ta ce kakanmu ne ya kawo mata su tana amarya, a shekarun da aka sami mulkin kai. Ya kai auduga kasuwa aka biya shi da sababbin kuɗi, jajaye kamar garwashi, da tauraro a baya. A lokacin kowa cewa yake wannan kuɗinmu ne, ba na Turawa ba, don haka akwai albarka a jikinsa. Da na shiga makaranta na iya haɗa baƙi, na karɓa na duba, sai ga sunan sarauniyar Turawan raɗau a kai. Na faɗa mata, ta ce in ba ta abinta tun kafin in karanto mata wata masifar.

Waɗannan kwabbai su ne ƙararrawarmu. In ta ciro zaren daga lalitarta ta girgiza, sai kowa ya yi tsit.

“Ga baƙuwa a bakin zaure,” in ji ta.

Mu kuma mu haɗa baki: “A yi mata iso.”

Baƙuwar ita ce tatsuniya. Tatsuniyoyinta da yawa, akwai masu sa mu dariya har mu ƙware. Amma akwai guda da ba ta yi sai sau ɗaya a damina, kuma ranar ba ta cin masara. Ita ce ta matar da ta je wurin maƙeri.

Ta ce kowane jariri ta ƙofa yake shigowa duniya, ƙofar kuwa ita ce cibiya, kuma ba ta rufewa sai ta kwana bakwai. A bayan ƙofar akwai yaran da ba a haifa ba tukuna, abokan wasansa, suna kewarsa. Kullum suna leƙowa suna kiransa ya dawo. In ya ji kiran, sai ya rufe bakinsa ya ƙi nono, ya dunƙule hannu, ya banƙare baya kamar mai waiwaye, ya bi su. To wata mata ta sami ciki, ta ce ita nata ba zai ji ba. Ta tafi wurin maƙeri ya yi mata marfi na jan ƙarfe. Maƙerin kuwa marowaci ne, sai ya rage ƙarfen, ya bar huji a tsakiya.

Da ta haihu ta ɗora marfin a cibiyar ɗan, ta toshe hujin da auduga, ta ɗaure da zane. Kira ya ratsa audugar, yaro ya tafi. A na biyu ta toshe da kakin zuma, shi ma ya tafi. A na uku ta kwaɓa toka da man shanu. A na huɗu ta ɗebo ƙasar bakin turken awaki, wadda kofato ya tattake ta yi tauri, ta kwaɓa ta liƙe har ba inda iska za ta bi. Duk da haka kwana shida ya yi mata.

A nan Iya kan tsaya ta gyara itace, ko da wutar ba ta buƙatar gyara. Mu kuwa ba mai tauna.

Haihuwa ta biyar ta zo wa matar a garin da ba ta san kowa ba, ba marfi, ba komai. Sai ta kifa tafin hannunta a kan cikin yaron, ta yi ta yi masa waƙa da ƙarfi don ta danne muryar masu kira. Iya kan rera ta a hankali: “Nan ne gida, nan ne gida, ga nono ga zane, kada ka waiwaya.” Kwana bakwai matar ba ta runtsa ba, ba ta ɗaga hannun ba, har ƙofa ta rufe. Wannan yaron ya zauna, ya yi gemu, ya yi ’ya’ya. Daga nan sai Iya ta mayar da zaren lalita ta ce, “Baƙuwa ta sha ruwa, a raka ta.”

Na taɓa tambayarta laifin wa ne. Ba ta yi jinkiri ba ta ce na maƙerin mana, da ya cike hujin da duk suna nan. Wallahi na tsani maƙerin nan. Damina guda cur na daina gaishe da maƙerin ƙauyenmu, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, har sai da ya kawo ƙarata wurin Baba.

Ina da shekara goma sha biyu mahaifiyata ta gaya mini gaskiyar zancen, muna surfe. Ta ce matar da ke cikin tatsuniyar nan Iya ce. ’Ya’ya huɗu ta binne kafin Baba, biyu ko suna ba su kai ba, kuma kowane kwabo a zaren nan ya kwana a cibiyar ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa ake ce wa Baba Barau, sunan da ake sa wa ɗan da ake roƙon a bar wa uwarsa. Naƙudarsa a hanyar Malumfashi ta kama ta, sai wata Kirista mai suna Saratu, da ke aiki a ɗakin shan magani na mishan, ta shigar da ita gidanta. Ita ta yanke cibiyar, ta kuma hana Iya ɗora komai a kai har ta faɗi. Iya ba ta taɓa yafe mata wannan ba. Takan ce matar tana da kirki, ta ciyar da ita ta shayar da ita, amma saura ƙiris taurin kanta ya kashe mata ɗa, ba don ita Iya ta tsare shi da hannunta ba.

Bayan na san wannan ne Iya ta kira ni ɗakinta ta nuna mini wani abin da ba ta nuna wa sauran ba. A ƙasan kumbonta, cikin tsumma, akwai kwabo na biyar, ba a zare ba. Wannan ba shi da huji. Ta ce ranar da aka canja kuɗi aka koma naira, aka miƙo mata canji a kasuwa ta ga kwabo a cike, sai da ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Gwamnati ta yi hankali, amma a lokacin ita haihuwa ta tsaya mata. Sai ta ajiye wa jikoki. Mu kuma duk a Funtua aka haife mu, gidan iyayen mahaifiyata, ba a dawo da mu sai bayan arba’in, cibiya ta warke sarai. Iya ba ta taɓa yi wa surukarta maganar ba, amma abin ya tsaya mata a rai.

“Ke na ajiye wa, takwara,” ta ce. “Naki ba wanda zai tafi.”

Na rungume ta. Har ga Allah a ranar daɗi na ji.

Da na gama sakandare na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Wata safiya malamarmu ta manna hoton wani jariri a allo. Bakinsa a sarƙe, hannu a dunƙule, baya a banƙare. Kafin ta ce uffan na gane shi, don tun ina shekara shida nake ganinsa a ɗakin girkinmu. Ta ce ciwo ne da ke shiga ta ɗanyar cibiya, ƙwayarsa a ƙasa take zaune da kashin dabbobi. Ta shiga lissafa abubuwan da ake ɗora wa jarirai a karkara: toka, man shanu, ƙasa, tsohon kwabo. ’Yan aji suna rubutu, wasu har da dariya. Ni kuwa fita na yi daga ajin.

Da na zo hutu na sami Baba a gona na gaya masa. Ya dogara da fartanyarsa. Can ya ce shi ma wani ma’aikacin asibiti ya taɓa yi masa wannan bayani, shekaru da yawa. Ya ce, “Ummi, waɗanda suka tafi sun tafi. Ki bar tsohuwa ta koma ga Allah da abin da ta sani.” Na yi masa alkawari. Shekara shida na riƙe shi, ni da ba na iya riƙe magana daga safe zuwa azahar.

Sai na yi aure, na haifi ɗiyata ta fari a asibiti a Malumfashi, aka kawo ni gida wankan jego. Iya ta tsufa a lokacin, tana dogara sanda, amma murna ta mai da ita yarinya. Ita ke tashin masu dafa ruwa, ita ke faɗan kunun kanwa bai ji kanwa ba. Na san abin da take jira. Na shirya zan karɓi kwabon in yi godiya, in ce sai cibiya ta faɗi tukuna, in yi ta ja mata rai har lokaci ya wuce. Kullum sai in ce gobe zan yi mata maganar.

Rana ta uku da hantsi na fito daga wanka, jikina na turiri, na shiga ɗaki. Mahaifiyata na tsakar gida da wasu maƙwabta biyu da suka zo barka. Na tarar da Iya zaune a bakin gado, jaririyar a kan cinyarta, ta kwance mata riga. Kwabon na gefe, ta goge shi da tsamiya yana ƙyalli. A ƙasa ga wani ɗan kasko da man shanu a kwaɓe da baƙar ƙasa. Ta riga ta lakato a yatsa.

Ban san lokacin da na fizge yarinyar ba. Na duba cikinta, ba abin da ya taɓa shi tukuna. Iya ta yi dariya, ta ɗaga kwabon ta ce in kwantar da hankalina, wannan ba irin na da ba ne, in duba in gani ba huji. Man kuwa don ya kama jiki ne kawai. Ta miƙo hannu in ba ta yarinyar. Na ce a’a. Ta ce yaran yanzu da an shiga makaranta sai a raina na gaba, ita da ta haifi biyar za a koya wa jariri? Ta sake miƙo hannun da man a yatsa.

Ihuna ne ya shigo da matan ɗakin, don haka a gabansu na faɗa.

“Biyar kika haifa, nawa kika raya? Ba huji ba ne, Iya. Ba wani maƙeri. Wannan ƙazantar da kike liƙa musu ita ta kashe su, su huɗun. Baba ma don an hana ki ne ya rayu.”

Mahaifiyata ta yi salati. Ɗaya daga cikin matan ta juya ta fita. Iya ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dubi yatsanta, ta goge shi a gefen zanenta a hankali, ta ɗauki kaskon da kwabon, ta lalubi sandarta. Ta fita. Magana zarar bunu ce, na sha jin haka, amma ranar na san abin da ake nufi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ina da cikin nan an yi mini allurar rigakafin wannan ciwon, ni da kaina na kai hannuna. Kuma yarinyar tana ƙirjina, ba mai iya ƙwace ta. Na riga na tsare ɗiyata kafin in buɗe baki. Duk abin da na faɗa bayan nan ba don ita na faɗa ba. Tsoro ne da fushi, da kuma shekara shida ina ganin hoton nan in na rufe ido.

Baba bai yi mini faɗa ba. Kwana biyu kawai bai shigo ɗakina ba. Ranar suna Iya ta fito ta zauna cikin mata, ta sa wa yarinya albarka, amma ba ta karɓe ta ba. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, Allah ya raya. Na ce mata duk abin da ya faru ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Ta ce haka ne. Da damina ta zo masara ta nuna, yaran gida suka taru a ɗakin girki kamar yadda muka saba, ta gasa musu, suka jira. Wani ya tambaya ko baƙuwa ba za ta zo ba, ta ce baƙuwa ta yi ƙaura. Ba ta sake yin tatsuniya ba, ko ta dariya. Ba ta ga wata daminar ba.

Bayan rasuwarta Baba ya miƙo mini lalitar, kwabban duk suna ciki. Da su na fara tara tsofaffin kwabbai. Yanzu aikina yana kai ni ƙauyuka, daga wajen Gozaki har Tsiga, kuma duk inda na je awon masu ciki nakan tambaya ko akwai tsohuwar da ke da kuɗin da. Akwai su kuwa, a ƙasan kumbo, a ƙulle a bakin zane, suna jiran jika. Nakan zauna a tabarmarta in ce ni mai sha’awar tara tsofaffin kuɗi ce. In yaba kwabon, in sa ta ba ni labarin ranar da ta same shi, in ba ta sabulu da turmin atamfa, in bar mata maganin shafa wa cibiya in ce ita na ɗora wa wannan aiki, kada ta bar kowa ya taɓa. Sai ta karɓa da alfahari. Malama mai tsohon kuɗi suke ce mini. Wasu na raɗa cewa na san wani sirri, wai a Kano ake narka su a fitar da wani abu mai tsada. Oho, su faɗa. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ’ya’ya nawa ta binne ba.

Wani Alhaji a Funtua, wanda shi da gaske yake tara irin waɗannan kuɗi, ya ji labarina ya zo da gilashinsa na dubawa. Mutumin kirki, ya san kowane kwabo da zamaninsa. Ya juye gwangwanin da nake tara su a kan tire yana ware masu kyau. Da ya zo kan na zaren ya ce kash, na farkon fitowa ne, amma an lalata su, wannan baƙin da ya kama bakin hujin ya kashe musu daraja. Ya tambaya ko na san me aka shafa musu. Na ce ban sani ba.

Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne uwa ta gari ba ta gajiya. Da na yi karatu na ce ai darasinta rashin sani ne, na ji haushinta. Yanzu da na haifi uku ina ganin ba don ta koya mana komai take yin ta ba. Mace ce da ta wanke gawa huɗu da ba su kai tsawon damtsenta ba, kuma dole gari ya waye ta tashi ta daka dawa. Sai ta ƙirƙiro maƙeri ta ɗora masa, ta rayu shekara hamsin a kan haka, ta yi dariya, ta goye mu. Ni na zo na sauke kayan daga kan maƙerin na mayar mata. Fizge ɗiyata ban yi nadamarsa ba, gobe ma zan fizge. Maganar ce ban yafe wa kaina ba, kuma ba na jin zan yafe.

Sau ɗaya tak ta sake tayar da zancen. Saura ’yan makonni ta rasu, na kawo mata ziyara, muna zaune a inuwar ɗakinta da la’asar, yarinyar na rarrafe a tabarma tana jan sandarta. Iya ta daɗe tana kallonta. Ba ta juyo ba ta ce, “Takwara, ke da kika karanta. Wannan ciwon, in ya kama su, suna jin zafi?”

Na san amsar. Na sha tsayawa a kan irinsu a asibiti. Na ce, “A’a, Iya. Ba sa sanin inda suke. Kamar barci ne.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta janye sandar daga hannun yarinyar kada ta buge ta.

“Yau kuma ƙarya kike yi mini,” ta ce. “Ai a hannuna suke.”